Tsohuwar Kwamfuta: Wadda Za A Gyara Da Wadda Za A Wargaza

Ana jawo hankalin jama'a, musamman ma'aikatu, makarantu da 'yan kasuwa, cewa bai halatta a jefar da tsohuwar kwamfutar tebur a juji ba. Wajibi ne gwani ya gwada ta tukuna.

Idan an kunna ta ta tashi, fankarta tana juyawa, allo kuma ya nuna rubutu, to, ta cancanci gyara. Sai a kakkaɓe ƙura, a goge bayanan mai ita na farko, a sauya faifan ajiya in ya gaji. Idan kuwa babban allon da ke cikinta ya ƙone, ko kuɗin gyara ya zarce darajarta, sai a miƙa ta ga masu wargazawa waɗanda hukumar kare muhalli ta NESREA, da aka kafa a 2007, ta amince da su.

Kada a fasa tsohon allo mai ƙeya, domin gilashinsa yana ɗauke da dalma, wadda ke raunana ƙwaƙwalwar yara. Haka nan kada a ƙona wayoyi don neman jan ƙarfe, gama hayaƙinsu guba ne. Rigakafi ya fi magani.