Na'ura mai kwaikwayon ƙwaƙwalwa: ina labarin masu shanyewar jiki?

Uwargida, in kika ratsa babbar kasuwar Maraɗi da tire a ka, goyo a baya, ba ki yi ɓari ba, to aikin ƙaramar ƙwaƙwalwa ne da ke wajen ƙeya. Ita ke auna lokacin kowane taku. In ta taɓu, sai tangaɗi.

A 2011, masana a Jami'ar Tel Abib ƙarƙashin Matti Mintz sun ƙera 'yar na'ura mai kwaikwayon wannan sashe, suka jona wa ɓeran da aka tsayar da nasa. Ɓeran ya koyi ƙifta ido daidai lokacin da ya ji ƙara. A 2023 kuma, a Suwizalan, Gert-Jan Oskam, wanda hatsarin keke ya shanye wa ƙafafu, ya taka da na'urar da ke kai saƙon ƙwaƙwalwa zuwa laka.

Amma fa har yanzu gwaji ake. Duk wanda ya ce yana saida ta, ku riƙe kuɗinku.

Mu nan, daga Tibiri har Jiratawa, abin da ke hannunmu shi ne awon hawan jini, da hular kwano in za a hau kabu-kabu. Rigakafi ya fi magani.