Bayani a Kan Zaɓen Mawashi da Fatar Gama Kaifi

'Yan'uwa 'yan kasuwa da dillalai na Kura da Bunkure da Garun Malam da kewaye, ga bayani a kan mawashi, watau dutsen wasa wuƙa, da fatar da ake gama kaifi da ita, domin amfanin mai saye da mai sayarwa.

Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, ruwa ya iso Kadawa, ƙarfe bai sake hutawa ba a ƙasar nan. Shinkafar damina a yanke ta wajen Oktoba da Nuwamba, alkama wajen Maris, tsakaninsu ga tumatir ana yankawa ana shanya kauɗa. To, idan lauje ya dakushe, sai an fizga an girgiza, shinkafar da ta bushe ta kakkaɓe a ƙasa, mudu-mudu ya zama rabon tsuntsu. Hasarar nan ta manomi ce, kuma tamu ce mu masu awo.

Asalin magana shi ne: dutse guda ba ya yin aiki uku. Akwai na gyara, akwai na kaifi, akwai na gamawa.

Na farko, mai kaushi. Shi ke cin ƙarfe da sauri, ya shafe giɓi, ya tada bakin da ya mutu. Mafi yawan na kanti haɗi ne na masana'anta, irin wanda ake kira kaborandam, wanda wani Ba'amurke mai suna Acheson ya gano a 1891. Ku duba lambar da ke jikin kwalinsa, domin ita ce awon tsakuwarsa. Ƙaramar lamba, kamar 120 ko 240, kaushi ke nan. Wannan ya dace da adda da gatari da laujen da ya sha wuya.

Na biyu, mai laushi, daga lamba 600 zuwa 1000. Shi ke fito da kaifi na gaskiya a wuƙar mahauci da ta masu kauɗa. Askar wanzami kuwa tana son wanda ya fi haka laushi ƙwarai. Dutse mai fuska biyu, ɗaya kaushi ɗaya laushi, ya wadatar da mai gida, kuma shi ya fi dacewa mai tebur ya sara. Dutsen dawa irin na wajen Rano da Tiga yana da ƙarfi, amma tsakuwarsa manya ce, ba ta daidaita ba. Ya yi wa fartanya da gatari, amma kada a kai masa aska.

Wajen saye, a gwada abu huɗu. Ɗaya, a haɗa fuskar dutse biyu a ɗaga su ga rana. In haske ya ratsa tsakaninsu, ɗayansu ya lotsa. Biyu, a ƙwanƙwasa shi da ƙusa. Lafiyayye yana amo, mai tsaga kuwa muryarsa a dushe take. Uku, a murza shi da babban yatsa. Wanda ke zubar da gari kamar bulon da aka rage wa siminti ba zai kai kaka ba. Huɗu, a dubi tsawo. Wuƙar yanka tana son dutse mai kamu guda ko fiye. Lauje kuwa, da yake a lanƙwashe yake, siririn dutse mai zagayayyen gefe yake so, ko magagari.

Sai maganar ruwa da mai. Dutse ba a wasa shi a bushe, domin garin ƙarfe yana toshe masa ido. In an fara da ruwa a zauna a kan ruwa. Wanda ya taɓa shan mai ba ya karɓar ruwa kuma. Mai son mai ya sa na keken ɗinki ko kananzir. Man gyaɗa yana daskarewa ya yi danƙo, ya kashe dutsen.

Ga yadda ake riƙo. Ka tsai da wuƙa cak a kan dutse, ka kwantar da ita rabi, ka sake kwantar da rabin abin da ya rage. Kusan digiri 20 ke nan. Ka yi ta gugawa har ka ji ɗan ƙarfe siriri kamar gashi ya lanƙwaso ta ɗaya gefen, sa'an nan ka juya. A bi dutsen duka, kada a tsaya tsakiya. In ya yi kwari, a goga shi a kan daɓen siminti da yashi da ruwa har ya miƙe.

Na uku, fata. Ita ba ta cin ƙarfe. Aikinta cire wancan gashin da miƙar da baki. A nemi kirgin saniya jemamme mai kauri, marar kumburi, a wajen dukawa, a kafa shi a kan katako. A ja wuƙa ta baya, bakin yana biye, don kada ya datse fatar. Wanzamai su lura: fata ba ta kashe cuta, kuma ciwon hanta yana bin jini, saboda haka aska tana bukatar tsarkakewa ta daban tsakanin kai da kai.

Hattara kuma da injin wasa mai juyawa. In aka danna har baki ya yi shuɗi, taurin da maƙeri ya ba shi ya tafi, kaifin ba zai kwana ba. A riƙa tsoma shi a ruwa.

Gwajin ƙarshe a ƙofar gidanmu yake: wuƙar da ta shiga fatar nunannen tumatir ba tare da dannawa ba, ta yi. Masu sari su tanadi kayansu kafin girbi da kafin Babbar Salla, domin shari'a ta umarci mai yanka ya kaifafa wuƙarsa don sauƙaƙa wa dabba, kuma a kwanakin nan ne kowa ke neman mawashi.