Tulluwar Masallacin Zariya da Kubbar Fulorens

Matafiyin da ya tashi daga Malumfashi, ya bi ta Funtuwa ya sauka Zariya, ba shi da bukatar ƙetare teku kafin ya ga abin mamaki a fagen gini. Masallacin Juma'a na birnin Zariya, wanda aka gina zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim (1834–1846), aikin maginin nan ne da ake yi wa laƙabi da Babban Gwani. Ana iya kwatanta rufinsa da kubbar babbar majami'ar birnin Fulorens a Italiya. Kwatancin yana da amfani, muddin dai an san inda hanyoyin biyu suka rabu.

Filippo Brunelleschi ya ɗora kubbar Fulorens tsakanin 1420 da 1436, faɗinta wajen mita 45. Matsalar da ya fuskanta ita ce, faɗin ya wuce a kafa masa katakon tallafi daga ƙasa. Saboda haka sai ya jera bulo zobe-zobe, kowane zobe yana riƙe kansa kafin a ɗora na bisansa, ya kuma yi kubbar riɓi biyu, ciki da waje. Ta tsakanin riɓin nan ne mai ziyara yake bi, ya hau matakai 463 har ƙololuwa.

Maginin Hausa kuwa matsalarsa daban ce. Ƙasa ba ta jure ja, ita kuma azara, watau itacen giginya da aka tsaga, wanda gara ba ta cika cin sa ba, takan lanƙwashe ƙarƙashin nauyin laka idan tazarar ta yi yawa. Dabarar da aka samo ita ce a dasa azarori cikin bango, a ɗaura wasu a kansu suna ɗan zarcewa gaba, hawa bayan hawa, har na wannan ɓangare su sadu da na wancan. Sa'an nan a lulluɓe su da ƙasa. Abin da ya fito shi ake kira bakan gizo. Inda bakunan suka gitta juna aka sami ɗaurin guga, a kansa kuma tulluwa take zaune. Ke nan kubbar Fulorens nauyin bulo ne yake danne juna, tulluwar Zariya kuwa ƙashinta itace ne, laka tufa ce kawai. Sunayen ma abin lura ne ga ɗalibin harshe: ɗaya daga sararin sama aka aro shi, ɗaya daga bakin rijiya.

Wani bambancin shi ne na tsawon rai. Ginin ƙasa sai da yaɓe da gyaran indararo kafin kowace damina. Ranar da aka daina, ranar ya soma mutuwa. A shekarun 1970 aka yi sabon gini a wurin, wanda ya rufe abin da ya saura na tsohon. Mai son ganin siffarsa ta asali sai ya nufi Jos, inda aka kwaikwayi ginin a gidan adana gine-ginen gargajiya, bisa ƙoƙarin Zbigniew Dmochowski, masanin gini ɗan ƙasar Folan.

A garuruwan noma irin su Malumfashi, kwano da siminti sun maye gurbin yawancin soraye, kalmomin ma suna bin sawun maginan. Malamin da ya tambayi ɗalibansa ma'anar tulluwa zai tabbatar da haka.