Dajin Banco: yadda ake rayar da hanyoyin keke a tsakiyar Abijan

Duk wanda ya taɓa shiga gbaka daga Adjamé zuwa Yopougon ya ga dogayen itatuwan da ke hannun dama a bakin babban titin Autoroute du Nord. Wannan shi ne gandun dajin Banco, mai faɗin sama da hekta 3,400, wanda Abobo da Adjamé da Attécoubé da Yopougon suka sa a tsakiya. Da yawa daga cikin mutanenmu sun shekara ashirin ko talatin suna wuce shi safe da yamma ba su taɓa leƙa cikinsa ba. A da kuwa suna da hujja, don an daɗe ana kallon wurin a matsayin maɓoyar ɓarayi. Yanzu a ranakun Asabar da Lahadi za ka tarar da masu tattaki da 'yan makaranta da masu keke suna shiga, wasu da nasu kekunan, wasu kuma su yi haya a can.

Keken da ake shiga daji da shi, wanda masu Faransanci ke kira VTT, yana da faffaɗar taya mai kaushi, giya da yawa da birki mai ƙarfi. An ƙirƙiro wasan ne a jihar Kalifoniya ta Amurka cikin shekarun 1970, lokacin da wasu matasa suka riƙa gangarowa daga tsaunuka a kan tsofaffin kekuna, kuma ya shiga gasar Olamfik a 1996. Abijan ba ta da tsauni. Mai son tsauni sai ya nufi Man a yammacin ƙasar. Abin da Banco ke da shi shi ne tudu da kwari, inuwar da ba ta yankewa, da hanyoyin ƙasa masu tsawon gomman kilomitoci. Waɗannan hanyoyi ba su da kwalta, saboda haka sai da hannun mutane suke rayuwa.

Ruwa ne ke cinye hanya

Abin da masu gyaran irin wannan hanya a ko'ina cikin duniya suka yi ittifaƙi a kai shi ne, taya ba ta kai ruwa ɓarna ba. Taya da ƙafa suna tattake tsakiyar hanya har ta ɗan lotsa. Da ta lotsa, ruwan sama ya sami wurin bi. Maimakon ya tsallaka hanyar ya gangara cikin ganyaye, sai ya miƙe da ita, yana ƙara gudu yana kwasar ƙasa. Damina ɗaya ta isa ta mayar da ɗan lotsin ya zama rami, ta biyu kuma ya zama kwazazzabo.

A Abijan lamarin ya fi tsanani saboda dalili biyu. Na farko yawan ruwan: abin da ke sauka a shekara ya ninka na Maraɗi sau uku ko fiye, kuma mafi yawansa yana zuba ne tsakanin Mayu da Yuli, sannan ƙaramar damina ta biyo baya a Oktoba da Nuwamba. Na biyu ƙasar: birnin yana zaune ne a kan yashi da yumɓu, ba dutse a ƙarƙashi da zai tare zaizaya. Mazauna Adjamé ba sa bukatar a yi musu dogon bayani, sun ga abin da ruwa ya sha yi a mahaɗar Indénié, sun kuma ji labarin gidajen da ƙasa ta rufta da su a Attécoubé.

Ƙungiyar masu keken tsauni ta duniya, IMBA, wadda aka kafa a Amurka a 1988, ta tattara ƙa'idojin da masu aikin sa kai ke bi, kuma kusan dukkansu a kan ruwa suke. Mafi shahara ita ce ƙa'idar rabi. Idan gefen tudu yana gangarawa da mita 20 a cikin kowace mita 100, to hanyar da aka yanka a jikinsa kada gangarenta ya wuce mita 10 a cikin 100. In ya wuce, ruwa zai ga bin hanyar ya fi masa sauƙi a kan tsallaka ta. Shi ya sa hanya mai kyau ba ta fuskantar tudu kai tsaye, sai dai ta yi ta kewaya shi kamar yadda jaki mai kaya ke hawa. Akwai kuma shawarar cewa in an haɗa hanyar gaba ɗaya, matsakaicin gangarenta ya tsaya wajen 10 cikin 100.

Ƙa'ida ta gaba ita ce a ɗan karkatar da doron hanya zuwa waje da kamar kashi 5 cikin 100. Wato in faɗinta mita ɗaya ne, gefen da ke kallon kwari ya yi ƙasa da santimita 5. Mai keke ba zai ma lura ba, amma ruwa yana lura, ya zame ya fita a shimfiɗe tun bai taru ba. Sai ta uku, wadda ita ce ta fi ɗorewa: kada a bar hanya ta yi ta gangara ba hutu. Bayan 'yar tazara a sa ta ɗan haura kafin ta ci gaba da sauka, yadda duk ruwan da ya biyo ta zai tarar da ƙaramin kwari ya fice. Manomin da ya taɓa jera duwatsu ko ya tona ramin rabin wata a gonarsa a yankin Tawa don tare ruwa ya riga ya san dabarar. Bambancin kawai, shi so yake ruwan ya tsaya, mai hanya kuwa so yake ya wuce.

Aikin da ake yi da fartanya

Yanka sabuwar hanya shi ne ke jan hankalin matasa, amma shi ne ƙaramin ɓangaren aikin. Babban ɓangaren gyara ne, kuma ba shi da armashi. Bayan kowace damina ƙasa da ganye na taruwa a gefen hanya na waje su yi 'yar kunya, wadda ke hana ruwa fita. Sai an bi da fartanya an kankare ta. Mafitar ruwa na toshewa da yashi, sai an yashe. Iska na kayar da itace a tsakiyar hanya, kuma in ba a kawar da shi da wuri ba mutane za su kewaye shi su buɗe wata hanyar a inda bai kamata ba. Haka kududdufi: kowa na gudun laka yana bin gefe, hanyar da aka yi mai faɗin mita ɗaya ta wayi gari mita uku, ƙananan tsirran da ke gefe sun mutu.

Kayan aikin duk sanannu ne: fartanya, shebur, diga, adda, manjagara da baro. A Turai da Amurka akan shimfiɗa duwatsu a wurin da ke yawan jiƙewa. A Abijan dutse saye ake yi daga nesa, don haka jar tsakuwa da katako ne suka fi kusa. Katakon ma yana da nasa ciwon kai, domin damshi da gara ba sa barin ɗan gadon da aka kafa a kan fadama ya daɗe, dole a riƙa dubawa ana canza wanda ya ruɓe kafin ya karye da wani. 'Yan uwanmu masu sayar da katako a Abijan sun fi kowa sanin wane ice ne ke jure ruwa, kuma irin wannan sani yana da tsada a wannan aiki.

Su ma masu hawan suna da nasu rabo. Shiga hanya da keke alhali ruwa bai tsane ba yana barin sawun da zai bushe ya zama magudana. Danne birkin baya a ja taya a ƙasa wajen gangara, abin da yara ke yi don burgewa, shi ma tona ƙasa yake yi.

Ba kowa ke ɗaukar diga ya shiga ba

A Faransa akwai ƙungiyar Mountain Bikers Foundation, wadda 'ya'yanta ke fita rukuni-rukuni suna gyaran hanyoyi bayan sun daidaita da masu filin ko hukumar gari. Ko a can ba a tona ƙasar wani ba izini. A Banco ƙa'idar ta fi tsauri, domin gandun daji ne na ƙasa. Turawan mulkin mallaka sun fara killace shi tun cikin shekarun 1920, aka ba shi matsayin gandun ƙasa a 1953, kuma yau yana hannun hukumar OIPR da aka kafa a 2002 don kula da gandayen dajin Kodibuwa. Doka ta hana sare itace, farauta da share fili a cikinsa. Wanda ya shiga da adda ya buɗe sabuwar hanya, ko da niyyarsa mai kyau ce, laifi ya yi.

Wannan tsaurin yana da dalili. Banco na daga cikin 'yan dazuzzuka ƙalilan a duniya da suka rage da tsofaffin itatuwansu na asali a tsakiyar babban birni. Akan kwatanta shi da dajin Tijuca na birnin Rio a Brazil. Har yanzu akwai 'yan birai nau'in chimpanzee a ciki. Ƙasarsa tana shanye ruwan sama ta ajiye a ƙarƙashi, inda rijiyoyin burtsatse ke jawo wani babban kaso na ruwan famfon da birni mai mutum sama da miliyan 5 ke sha. Mai sayar da garba a Treichville da bai taɓa hawa keke ba, yana da ruwa da tsaki a lafiyar wannan daji ko bai sani ba. Saboda matsin da gine-gine da masu saran itace ke yi wa dajin ne aka shiga gina masa katanga mai tsawon kimanin kilomita 10, aikin da ake ciki a 2022.

Saboda haka aikin sa kai a nan sai ya bi ta ƙofar hukuma. Ƙungiyoyi, makarantu da kamfanoni kan nemi izini su zo dashen itatuwa ko kwashe shara, ma'aikatan gandun su nuna musu inda za a yi. Ta wannan ƙofa ce gyaran hanya ma zai bi.

Katanga na tare mutum, amma ba ta tare ruwa. Wani babban ɓangare na abin da ke lalata Banco daga waje yake zuwa, musamman daga tudun Abobo, inda ruwan kwatoci ke kwararowa cikin dajin ɗauke da yashi, leda da robobi. Ruwan da ya taso daga rufin kwano da kwalta yana isowa da ƙarfin da fartanya ba za ta iya da shi ba. Wannan aikin injiniyoyi ne da kuɗin gwamnati. Sai dai ledar da ke cikinsa daga hannun mutane ta fito. Wanda ya yashe kwatar ƙofar shagonsa a ranar Grand Ménage, tsabtar gari ta Asabar ɗin farkon wata da gwamnati ta ƙaddamar a 2017, ya rage wa wani mai shebur aiki a can gangare.

Abin da Nairobi ta gwada

Misalin da ya fi kama da Banco a Afirka shi ne dajin Karura na birnin Nairobi a Kenya, mai faɗin kimanin hekta 1,000. Shi ma an san shi da 'yan fashi, masu hannu da shuni kuma sun so su yanka shi fuloti-fuloti. Marigayiya Wangari Maathai, wadda daga baya ta sami kyautar Nobel a 2004, ta sha duka a bakinsa a 1999 wajen kare shi. A 2009 mazauna kewaye suka kafa ƙungiyar abokan dajin, suka ƙulla yarjejeniya da hukumar gandun daji ta ƙasar, aka kewaye shi da shinge, aka gyara hanyoyin ƙafa da na keke sama da kilomita 50. Kuɗin shiga ya ba da damar ɗaukar mutanen unguwannin talakawa da ke makwabtaka aikin gadi da share hanya. Wannan na ƙarshen yana da muhimmanci, don aikin sa kai zalla yakan yi zafi wata uku ya huce. Wanda ke neman na cefane kullum ba zai iya ba da kowace Asabar kyauta ba, kuma ba adalci ba ne a ce masu keken CFA dubu ɗari biyar su yi ta hawa, talakan gefen daji ya yi ta yashe musu hanya don lada kawai.

A wajen Bahaushe tsarin ba baƙo ba ne. Sunansa gayya: a sa rana, a yi shela, a dama fura, kowa ya fito da fartanyarsa. Dattawan da suka taso a Nijar zamanin Seyni Kountché suna tuna yadda Samariya ke fita gina azuzuwa da gyaran hanyoyi. A Adjamé da Treichville ma akwai ƙungiyoyin 'yan gari ɗaya, kwamitocin masallatai da sarakunan Hausawa, waɗanda ke iya tara mutum hamsin cikin kwana biyu in rasuwa ko biki ya taso. Takarda ɗaya daga irin wannan ƙungiya zuwa ofishin OIPR ta isa ta buɗe magana, kuma baƙon da aka gan shi yana gyara abin garin da yake zaune, kallon da ake yi masa yakan canza.

In za a yi, lokaci ne abin lura. Yashe mafitar ruwa da kankare gefen hanya a watan Maris ko farkon Afrilu ake yi, kafin babbar damina ta kankama. Aikin da ke bukatar a daddale ƙasa kuwa ya fi kyau in tana da ɗan damshi, yadda in ka dunƙula ta a hannu za ta kama ba tare da ta ɗiga ba. Masu gyaran da suka ƙware sukan fita duba hanya da ƙafa jim kaɗan bayan an ɗauke ruwa, su kafa ɗan tsinke a duk inda suka ga ya kwanta ko ya miƙe da hanyar, sannan su dawo da kayan aiki bayan kwana biyu ko uku in ƙasa ta tsane.