Mudun Wuta: Ɗan Ƙaramin Abin Da Ke Riƙe Da Sitabilaizarka

Duk wanda ya zauna a Nima, ko Maamobi, ko New Town, ya san yadda wutar lantarki takan yi idan magariba ta kawo jiki. Kowane gida ya kunna fitila da fanka da talabijin, sai ka ga ƙwan fitila ya yi ja kamar garwashi, fanka tana juyawa da ƙyar, firji kuma yana ƙugi amma ya ƙi tashi. A ƙa'ida wutar da ke shigowa gidajenmu a Ghana bolt 230 ce, to amma ƙa'ida daban, abin da ke isowa ɗakin mutum daban, musamman inda gidaje masu yawa suka rataya a kan taransifoma guda.

Wannan ba sabon abu ba ne. Tun da Kwame Nkrumah ya buɗe madatsar ruwa ta Akosombo a watan Janairun 1966, wutar ƙasar nan ta yi shekaru tana tafiya da ruwan Volta. Dattawa ba su manta da farin 1983 da 1984 ba, an sake shan wuya a 1998, da 2006 zuwa 2007, sannan ga dumso na 2012 zuwa 2016. Ɗaukewar wuta dai duhu ce kawai. Abin da ke cinye dukiyar talaka shi ne wutar da ta zo a raunane, ko wadda ta dawo da ƙarfi fiye da kima. Shi ya sa duk wanda ya sayi firji yakan haɗa da sitabilaiza, ya ajiye ta a ƙasa ya kwanta da kwanciyar hankali.

To, mai karatu, ka taɓa tambayar kanka yadda wannan akwati yake sanin cewa wuta ta yi ƙasa? Ai ba a cewa abu ya gaza sai an gwada shi da wani abin da bai gaza ba. Mai sayar da gari a kasuwar Nima tana da olonka, 'yan uwanmu na Kano suna da mudu. Idan gindin mudun ya lotsa, duk awon da aka yi da shi ranar nan ƙarya ne, ko da mai awon waliyyiya ce. Haka sitabilaiza take. A cikinta akwai taransifoma mai bakuna da dama, da 'yan makunnai masu ƙaras-ƙaras ɗin nan da kake ji, waɗanda masu gyara ke kira rile. Amma mai ba su umarni wani ɗan abu ne da bai kai ƙwayar wake ba, wanda aikinsa kawai shi ne ya riƙe wani adadi na bolt, kada ya hau kada ya sauka. Ana ɗebo kaɗan daga wutar da ke shigowa a gwada da shi, in ta gaza a ƙara, in ta zarce a rage. Wannan shi ne mudun wuta.

Ɗaya daga cikin mafiya tsufa da araha a irin waɗannan mudaye shi ne dayod ɗin zena, wanda ya samo sunansa daga Clarence Zener, masanin Amurka da ya bayyana yadda abin ke faruwa a 1934. Idan aka tura masa wuta ta baya, yakan toshe hanya har sai ta kai wani adadi, daga nan ya buɗe, ya tsaya a kan wannan adadi. Akwai na bolt 5.1, da na 5.6, da na 12, da sauransu. Tsofaffin masu gyaran talabijin za su tuna da na bolt 33 da ke riƙe da wutar kamo tasha. Idan ya fara lalacewa, sai ka kamo GBC tsaf, bayan akwatin ya ɗauki zafi tashar ta zame, hoto ya koma yayyafi, maigida ya yi ta dukan akwati yana zagin eriya, alhali eriya ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba.

Abubuwa biyu ne ke lotsa wannan mudu. Na farko zafi, kuma mu nan ba mu da ƙarancinsa. Dayod na silikon da aka tura wa wuta ta gaba yakan riƙe wajen bolt 0.6 zuwa 0.7, amma duk lokacin da zafi ya ƙaru da digiri 1, sai ya sauka da kamar milibolt 2, wato kashi 2 cikin 1,000 na bolt. Kada ka raina wannan. A ce da asuba cikin akwatin yana digiri 25, da rana a ƙarƙashin rufin kwano, injin na aiki, ya kai 65. An sami bambancin digiri 40, wato milibolt 80, fiye da kashi 10 cikin 100 na awon ke nan. Sitabilaizar da ta dogara da irin wannan mudu za ta iya yin kuskuren fiye da bolt 20 a kan 230, tana kuma nuna maka cewa komai lafiya.

Shi zena kuwa halinsa biyu ne. Waɗanda suke ƙasa da bolt 5 sukan sauka in sun ji zafi, waɗanda suka haura 6 sukan hau, na tsakiya, wajen 5 zuwa 5.6, su ne suka fi natsuwa. Masu ƙira suka lura da haka, sai suka ɗaura zena mai hawa da dayod mai sauka a jere, hawan wannan ya cinye saukar wancan, aka sami mudu mai bolt 6.2 wanda zafi bai cika damunsa ba. Saboda haka idan mai gyara ya cire zena ya sa wani wanda lambarsa ta yi kusa, yana cewa ai duk ɗaya ne, ba ɗaya ba ne. Ya canza awon, ya kuma canza halin awon a cikin zafi.

Abu na biyu ya fi wuyar ganewa. Zena ba ya riƙe adadinsa daidai sai in wutar da ke ratsa shi tana gudana a kan kima guda. A nan sai mu bambanta abu biyu: bolt kamar ƙarfin da ke tura ruwa ne a cikin famfo, amfiya kuwa yawan ruwan da ke wucewa. Idan ta rizista kawai aka ciyar da zena daga wutar da ke hawa da sauka, to abin da ke ratsa shi zai riƙa hawa da sauka, awonsa ma ya ɗan bi. Maganin shi ne a gina masa mashaya mai ba da kima guda ko da wuta ta yi yaya. Ana yin haka da tiransista guda da rizista guda: a riƙe bolt ɗin da ke kan rizistar kada ya motsa, to abin da ke ratsa ta ba zai motsa ba. Ka ga abin dariya a nan: mudu yana bukatar mashaya tsayayya, mashaya kuma tana bukatar mudu tsayayye. Masu ƙira sukan warware wannan ta hanyar ciyar da mudun daga wutar da shi kansa ya daidaita, sannan su ƙara wata 'yar hanya da za ta tayar da shi lokacin da aka kunna, don in babu ita kowanne zai zauna yana jiran ɗan'uwansa.

Babban ci gaba ya zo ne daga Amurka. David Hilbiber na kamfanin Fairchild ya nuna hanyar a 1964, Bob Widlar ya fitar da LM113 a 1971, Paul Brokaw kuma ya kyautata tsarin a 1974. Dabarar ita ce a sa tiransista biyu su yi aiki, ɗaya wuta ta cunkushe a cikinsa fiye da ɗayan. Bambancin bolt da ke tsakaninsu yana hawa da zafi, kuma hawan nasa a kan ƙa'ida yake. Sai a ninka wannan bambanci a haɗa shi da bolt ɗin dayod mai sauka. Inda suka yi kunnen doki, jimlar takan faɗa wajen bolt 1.25, adadin da ya samo asali daga halittar silikon kansa, ba daga son ran wani kamfani ba.

Wannan dabara tana cikin aljihunka yanzu haka. TL431, mai ƙafa uku kamar tiransista, wanda Texas Instruments ya fitar a 1977, yana riƙe bolt 2.5, kuma ana samunsa a cikin cajar waya da akwatin wutar kwamfuta bila adadin. LM317 kuwa yana riƙe 1.25 tsakanin ƙafafunsa biyu. Yaron da ke koyon gyara zai iya sayo shi a Zongo Lane ya gwada da hannunsa: ya sa rizista mai om 62 tsakanin ƙafafun nan biyu, ya ɗauki wuta daga ƙafar saiti, zai sami kusan miliamfiya 20, daidai cin ƙaramin ƙwan LED, ko batir ya cika ko ya fara sanyi, muddin bai yi ƙasa ƙwarai ba. In ya sa mai om 12.5 zai sami miliamfiya 100. Lissafin bai wuce raba 1.25 da adadin rizistar ba. A ganina wannan gwaji guda ya fi wata uku na kallon maigida yana cire kaya yana mayarwa.

Saura mita, wadda mai gyara ke rantsuwa da ita. Ita ma da nata mudun a ciki. Ƙananan mitocin nan masu araha masu cin batir na bolt 9, idan batirin ya yi sanyi mudunsu yakan sauka, sai su riƙa nuna adadi fiye da gaskiya. Mai gyara ya murɗa saitin sitabilaizarka har mita ta nuna 230, alhali abin da ke fita bai kai haka ba, ka ɗauka ka kai gida ka haɗa da firji. Injin firji kuwa in wuta ta yi masa kaɗan yakan kasa tashi, ya yi ta jan wuta yana zafi har waya ta ƙone. Manyan ɗakunan awo na duniya sun daɗe da sanin cewa mai awo ma sai an auna shi: daga 1911 da batirin Weston mai bolt 1.018 ake gwada sauran, daga 1990 kuma aka koma ga na'urar Josephson. A nan gida aikin kula da ma'auni yana hannun Ghana Standards Authority.

Ba a ce mai shago a Maamobi ya kai mitarsa can ba. Ya dai canza batir da zarar alamar ta fito, ya kuma ajiye TL431 guda mai kyau a kan ɗan allo, ya riƙa gwada mitar da shi lokaci lokaci: in ta nuna nesa da 2.5, mitar ce ke da magana. Kai kuma mai firji, in ka karɓo sitabilaiza daga gyara, ka roƙi a auna abin da take fitarwa tana da sanyi, a bar ta ta yi awa guda tana ɗauke da kaya, a sake aunawa a gabanka. Maɓallin jinkiri da ke jikinta kuma, wanda ke sa ta dakata kamar minti 3 kafin ta saki wuta, ka bar shi a kunne saboda firji.