Ben Hogan da fim ɗin da ya ɓoye rabin labarinsa

Da safiyar ranar 2 ga Fabrairun 1949, hazo ya rufe wata hanya kusa da garin Van Horn a jihar Texas ta Amurka. Wata motar bas ta kamfanin Greyhound ta fito za ta wuce babbar mota, sai ta yi taho-mu-gama da motar da Ben Hogan ke tuƙawa, matarsa Valerie na zaune a gefensa. Kafin motocin su haɗu, Hogan ya faɗa kan matar don ya kare ta. Wannan ne ma ya cece shi, domin ƙarfen sitiyari ya huda kujerar da ya tashi daga kai.

Hogan na lokacin yana da shekara 36, kuma shi ne kan gaba a wasan golf, wasan da ake buga ƙaramar ƙwallo da sanda zuwa ramuka 18, wanda ya fi ƙarancin bugu ya yi nasara. Ya karye a ƙugu da ƙashin wuya da idon sawu da haƙarƙari. Daga baya jini ya riƙa daskarewa a jijiyoyinsa, sai da likitoci suka ɗaure wata babbar jijiya don kada gudan jinin ya kai huhu. Ya kwana 59 a asibiti, ana shakkar ko zai sake takawa.

Wannan labari ne kamfanin 20th Century Fox ya mayar fim a 1951 da sunan Follow the Sun, wanda har yau ake fara ambata idan ana lissafin finafinan tarihin ƴan wasan golf. Sidney Lanfield ya ba da umarni, Glenn Ford ya fito a matsayin Hogan, Anne Baxter ta zama Valerie. An kuma sa ƴan wasa na gaske irin su Sam Snead da Jimmy Demaret sun fito da sunayensu.

Ƙololuwar fim ɗin ita ce gasar Los Angeles Open ta Janairun 1950. Wata 11 bayan hatsarin, Hogan ya dawo fili da ƙafafu a naɗe da bandeji, ya yi kunnen doki da Snead, sannan ya sha kaye a wasan raba gardama. Abin da ya fi wannan girma ya zo ne a watan Yunin shekarar, a filin Merion, inda ya taka ramuka 36 a yini ɗaya, washegari ya doke Lloyd Mangrum da George Fazio ya ɗauki kofin US Open. A 1953 kuma ya lashe manyan gasa uku cikin huɗu na duniya. Shida daga cikin manyan kofunansa tara bayan hatsarin ya ci su. Masu fim sun yi gaggawa, mutumin bai gama aikinsa ba.

Amma babban giɓin yana can farkon labarin. Mahaifin Hogan, Chester, maƙeri ne, kuma ya harbe kansa a 1922 lokacin da yaron ke da shekara 9. Gidan ya faɗa cikin talauci. Ben ya sayar da jaridu a tashar jirgin ƙasa ta Fort Worth, yana ɗan shekara 11 ya fara ɗaukar wa masu kuɗi jakar sanduna a filin Glen Garden. Fim ɗin ya nuna yaro mai ɗaukar jaka, bai ce uffan ba kan yadda uban ya mutu. Hogan na raye, yana sa ido a kan aikin, kuma mutum ne da ba ya buɗe cikinsa ga kowa. Saboda haka mai kallo yana ganin wani mutum mai ɗaure fuska da ba ya shiri da ƴan jarida, ba tare da an nuna masa inda ɗaurewar ta samo asali ba. A madadin haka aka ƙirƙiro wani aboki mashayi, Chuck Williams, don a cika wurin da barkwanci da ban tausayi.

Finafinan da aka yi bayan mutuwar masu labarin sun fi sakin jiki. Babe, na talabijin a 1975, ya bi rayuwar Babe Didrikson Zaharias, wadda ta ci zinare biyu a wasannin Olamfik na 1932 kafin ta koma golf. An yi mata tiyatar kansar hanji a 1953, shekarar da ta biyo ta lashe US Open ta mata da tazarar bugu 12, ta rasu a 1956 tana da shekara 45. Fim ɗin bai kauce wa ciwon ba, kuma Susan Clark ta samu kyautar Emmy da shi.

Tommy's Honour na 2016 ya koma Sukotilan ta ƙarni na 19, zamanin da ƙwararren ɗan golf bai wuce bara ba a idon attajiran da ke yin caca a kansa. Tom Morris ƙarami ya ci gasar Open sau huɗu a jere, ya kuma ƙi yarda masu kuɗi su riƙa yanka masa abin da suka ga dama daga kuɗin cacar, abin da ya haɗa shi da mahaifinsa. Matarsa da jaririnsu sun rasu wajen haihuwa a Satumban 1875, shi ma ya bi su ranar Kirsimeti yana da shekara 24.

Hogan ya rayu har 1997, shekara 46 bayan fitowar fim ɗinsa. Labarin mahaifinsa marubuta tarihi ne suka bayyana shi dalla-dalla a littattafai, Follow the Sun kuma ana ci gaba da kallonsa yadda ya fito a 1951.