Ciwon Kugu Da Masu Gyaran Baya Da Hannu

Da zarar damina ta kankama a ƙasar Yako, aka shiga noman fari da huɗa, ba abin da ake yawan kuka da shi a dandali kamar ciwon kugu. Haka abin yake a Kiru da Bebeji da Tudun Wada har Doguwa. Ba manomi kaɗai yake sha ba. Ɗan dako mai sungumar buhunan masara ran kasuwa, da ɗan kasuwa da ke wuni zaune a rumfa, da akawu mai sunkuyo bisa tebur, duk jirgi ɗaya ya kwaso su. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2020 mutum wajen miliyan 619 ne ke fama da shi a duniya. Ga manomi kuwa abin ba wasa ba ne, gama wanda ya kwanta mako biyu tsakiyar damina, ciyawa ba ta jiransa.

Ƙashin baya ba sanda guda ba ne, gaɓoɓi ne 33 a jere tun daga ƙeya har ƙasa. Biyar ɗin da ke kugu su ne manya, su ke ɗauke da nauyin gangar jiki. Tsakanin gaɓa da gaɓa akwai wani faifai na guringuntsi mai taushi, kamar gammo tsakanin kai da kaya. Laka ta bi ta cikin gaɓoɓin nan, daga gare ta kuwa jijiyoyi suke fita su sauka ƙafafu.

Kadan mutum ya wuni duƙe da fartanya mai gajeriyar ƙota, ko ya sunkuya ya cicciɓi buhu mai kilo 100 yana murɗa jiki, naman kugu da jijiyoyin da suka ɗaure gaɓoɓin su kan wahala. Cikin masu ciwon kugu goma, wajen tara ba a samun karaya ko wata ɓoyayyiyar cuta a jikinsu, yawancinsu kuwa su kan sami sauƙi cikin mako shida. Wani lokaci dai faifan nan ya kan turo ya danne jijiya, sai zafi ya riƙa sauka ta ɗuwawu har ƙafa.

A ƙauye, mai ciwon kugu ya kan nemi mai tausa, ko maɗori, ko wanzami ya yi masa ƙaho, wani ma ya kwanta ya sa yaro ya tattake shi. To, Turawa su ma suna da tasu sana'ar gyaran baya da hannu, ana ce da ita kairofiraktik. Wani mutum mai suna Daniel David Palmer ne ya fara ta a 1895, a garin Davenport na jihar Iowa ta Amurka. Mai sana'ar ya kan kwantar da mutum bisa benci, ya lallaba gaɓar da ta ƙage, sa'an nan ya danna ta da sauri sau ɗaya, sai a ji ƙas. Ƙarar nan ba ƙashi ne ya koma mazauninsa ba, iska ce ta taru cikin ruwan gaɓa, kamar dai mutum ya ja yatsa.

Palmer ya ɗauka cewa yawancin cututtuka daga gocewar ƙashin baya suke, amma binciken likitoci bai gaskata wannan ba. Abin da aka tabbatar shi ne, dannar ta kan rage zafin kugu na ɗan lokaci, kusan daidai da yadda tausa da motsa jiki suke yi. A watan Disamba na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin hanyoyin da za a iya bi wa ciwon da ya wuce wata uku, muddin ƙwararre ne ya yi. Wanda bai sami mai wannan sana'a ba bai yi asara ba, gama sashen gashin ƙashi na manyan asibitoci yana duba irin wannan ciwo. A Kano ga Asibitin Ƙashi na Dala, wanda aka buɗe tun 1959.

Amma fa a lura, akwai bayan da ba a dannawa, ba a takawa. Kadan ƙafafu suka yi sanyi ko suka soma ja, ko tsakanin cinyoyi ya mutu, ko fitsari da bayan gida suka ƙi tsayawa ko suka ƙi fita, a tafi asibiti ran nan, kada a kwana. Haka kuma wanda ya faɗo daga itace ko babur. Wanda ciwonsa ya zo da zazzaɓi da gumin dare da rama, ko wani ƙullutu ya fito masa a gadon baya, mai yiwuwa tarin fuka ne ya ci ƙashin. Wannan yana da magani a asibiti, amma kadan aka tattake shi, ƙashin na iya ruftawa kan laka, mutum ya gurgunce.

Ciwon da ba shi da alamun nan kuwa, babban maganinsa motsi. Kada a kwanta fiye da kwana ɗaya ko biyu, a tashi a riƙa tattaki, a gasa wurin da tsumma mai ɗumi, a koma aiki sannu a hankali. A gona, duk ƙarshen kunya biyu ko uku manomi ya miƙe ya dafa kugu ya ɗan banƙare. Wajen ɗaukar buhu ya tsuguna, ya jawo shi kusa da jiki, ya tashi da ƙarfin ƙafafu, in da hali kuwa a kama mutum biyu ko a sa amalanke. Mai garmar shanu ya rage wa kugunsa wahalar huɗa. Akawu da mai rumfa su riƙa tashi suna ɗan zagayawa.

A guji shan tramadol don a jure aiki, gama tana kama mutum ya kasa bari. Irin su diclofenac kuma, in aka dimanci shansu, su kan ɓata ciki da ƙoda. Wanda ya yi mako shida bai ga sauƙi ba, ya je likita ya duba shi tun kaka ba ta zo da nata ɗaukar kaya ba. Allah ya ba da lafiya da damina mai albarka.